Cinikin Talla a Intanet: Ana Bukatar Mudu Ɗaya daga Ogba zuwa Agege

Unguwar Ogba da ke kusa da Ikeja ta daɗe da zama sansanin 'yan jarida a Legas. A kan titin Ijaiye ne Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Nijeriya take, kuma gidajen jaridu da maɗaba'u da masana'antu sun yi shekaru suna zaune a titunan Acme da Wempco. Tafiya kaɗan daga nan sai Agege, inda Hausawa fataken goro da na shanu suka kafa zango tun zamanin da jirgin ƙasa ne babbar hanyar Arewa. Ga masu sayar da filin talla, ga kuma masu kayan da ke bukatar talla, amma cinikin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, musamman a shafukan intanet na Hausa.

Matsalar ita ce rashin mudu ɗaya. A zamanin jaridar takarda, duk wanda ya shiga ofishin talla za a miƙa masa jadawalin farashi: ga kuɗin shafi guda, ga na rabi, ga na kwata, ga ƙarin da ake yi wa mai launi. Amma a yau ɗan kasuwa zai buɗe shafin labarai mai ɗimbin mabiya ya rasa adireshi, ya rasa sunan kamfanin da ya mallake shi, sai dai lambar waya guda, farashi kuwa sai yadda aka ga fuskarka.

Ta fuskar tattalin arziki, illar wannan a fili take. Idan mai saye ba zai iya tantance kaya ba, to zai taya su da arha ko ya haƙura, ta haka sai mai gaskiya ya yi asara tare da maƙaryaci. Alal misali, a ce wani shafi ya nemi naira 50,000 a mako, mutum 10,000 ke karanta shi, wani kuma ya nemi naira 20,000 alhali masu karatunsa 2,000 ne. Na farko ya kai saƙo ga kowane mutum a kan naira 5, na biyu a kan naira 10. Wanda bai ga alƙaluma ba zai ɗauka na biyu ne mai sauƙi.

Sauran ƙasashe sun daɗe da gano bakin zaren. Tun a 1914 masu ba da talla da masu jaridu a Amurka suka kafa hukumar tantance yawan kwafin da kowace jarida ke sayarwa, Ingila ta bi sahu a 1931. Da ciniki ya koma intanet sai wata damfara ta ɓullo, inda 'yan tsakiya ke sayar da filin talla da sunan shafukan da ba su wakilta su ba. Don haka a 2017 sashen fasaha na ƙungiyar IAB ya fito da tsarin ads.txt, wato ɗan rubutu da mai shafi ke ajiyewa a wuri sananne, yana lissafa kamfanonin da ya yarje wa su sayar da filinsa. Kowa na iya dubawa kyauta. A 2019 aka faɗaɗa tsarin zuwa manhajojin waya.

A nan gida, doka mai lamba 55 ta 1988 ce ta kafa hukumar APCON mai kula da sana'ar talla. A watan Oktoba na 2021 hukumar ta fito da ƙa'idojin da ake kira AISOP, waɗanda suka tanadi a biya kafofin watsa labarai kuɗin talla cikin kwana 45, su kuma su ba da sanarwar kwana 30 kafin su ƙara farashi. Ƙungiyar manyan masu ba da talla ta ADVAN ta nuna adawa da ƙa'idojin, tana ganin katsalandan ne cikin yarjejeniyar 'yan kasuwa. A 2022 sabuwar doka ta maye gurbin APCON da hukumar ARCON, wadda ikonta na tace talla ya haɗa da na intanet.

Sai dai waɗannan matakai sun fi shafar manyan kamfanoni da dillalansu. Mai sayar da atamfa ko turare a Agege, da mai motocin dakon kaya zuwa Kano, abin da yake bukata bai wuce takarda guda mai tsari iri ɗaya a kowane shafi ba. Kamata ya yi ta ƙunshi sunan kamfani da lambar rajistarsa ta hukumar CAC, da adireshi da lambar jami'in talla, da yawan masu karatu a wata tare da garuruwansu da hanyar da aka bi aka ƙidaya su. Har ila yau ta nuna girman kowane fili da farashinsa, da la'adar dillali, da asusun banki mai sunan kamfani, da irin tallan da shafin ba ya karɓa, kamar na giya da caca.

Wannan ba ya bukatar wata sabuwar doka. Masu shafukan Hausa na iya amincewa da tsarin a tsakaninsu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su shawarci membobinsu kada su biya ko sisin kwabo sai sun ga takardar, sannan su nemi rasit da rahoton yawan waɗanda suka ga tallan bayan ya fita. Shafin da ya fara bayyana alƙalumansa shi ne zai fara samun manyan masu talla, domin bankuna da kamfanonin sadarwa da ke neman kasuwar Arewa ba sa fitar da kuɗi sai da shaida a rubuce.