Sa'o'i Uku Na Mai Zubar Jini

 Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zazzau ya rufta wa jama'a, aka yi rashin rayuka, waɗansu kuma suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Irin wannan rana ce ke tuna wa mutum cewa kowane babban asibiti yana da ɗakin da ba a rufe ƙofarsa dare da rana, watau ɗakin gaggawa. Babban abokin gāban likitocin wannan ɗaki kuwa shi ne zubar jini.

Akwai wata allura mai araha, sunanta taranesamik, aikinta shi ne hana gudan jini narkewa a bakin rauni. A 2010 aka bayyana sakamakon gwajinta a kan masu rauni fiye da 20,000 cikin ƙasashe 40, har da Nijeriya. Aka tarar wanda aka yi wa ita cikin sa'a ta farko, haɗarin mutuwarsa ta zubar jini ya ragu da kusan sulusi. Zuwa sa'a ta uku da sauran amfani. In an wuce nan kuwa, ba a ga fa'idarta ba, har ana tsoron ta cutar. A 2017 aka sami kwatankwacin haka ga mata masu zubar jini bayan haihuwa, da aka haɗa lissafin biyu sai aka ga kowane jinkirin minti 15 yana cinye ushirin amfanin maganin. Ɗan kasuwa ya san ma'anar hajar da ke faɗuwa haka.

A 2023 kuma aka bayyana wani bincike na asibitoci 80 a ƙasashe huɗu na Afirka, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Dabarar ba ta da wuya: a shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai alamun awo, a daina kintatar jini da ido, da zarar ya kai iyaka a haɗa magunguna gaba ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Mu Zagezagi wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun tsakanin 1976 da 1979 Likita Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ya ga mafi yawan matan da suka rasu su ne waɗanda ba su je awo ba, sai da abu ya ƙazanta aka kawo su.

To, ina sa'o'in nan uku ke tafiya? Mutumin Kusfa yana da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, amma babban rauni sau da yawa sai Asibitin Koyarwa, wanda ya koma Shika tun 2005, a bi ta Kwangila da Samaru. A ganina dai hanya ba ta cin lokaci kamar yadda zaure ke ci. Ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izni, ana shawarar a fara kai wa maɗori, ana harhaɗa kuɗi. Alhali dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar gaggawa, ta 2017 kuma ta ce a yi wa mai raunin harsashi magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Doka dai ba ta cika firjin ajiyar jini, galibi sai dangi sun miƙa hannu an ɗiba, shi ya sa ya kyautu masu rakiya su kasance majiya ƙarfi.

Kafin a isa, a sami tsumma mai tsabta a danne raunin da ƙarfi, kada a ɗaga don leƙawa, kada a zuba toka ko ƙasa. Wani daga cikin masu rakiya ya riƙe lokacin da abin ya auku, domin likita zai bukaci sanin sa'ar kafin ya ɗauko allurar.