Tsohon Jirgi Da Tsohon Matuƙi A Tafkin Kainji

A bakin ruwan Yelwan Yawuri, da Wara, da Malale, da sauran garuruwan da ke kewaye da tafkin Kainji, ba a rasa tsofaffin jiragen katako da aka jawo tudu aka kife. Awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsu, mata na shanya wanki a kai, gara kuwa tana nata aikin a hankali. Yawancinsu a murhu suke ƙarewa. Amma jefi-jefi akan sami wani dattijo da ya gama aikin gwamnati ya dawo gida, ya tsaya a kan ɗaya daga cikinsu, ya ƙwanƙwasa katakon, sa'an nan ya tambayi kuɗinsa. Labarin irin wannan dattijo muka kawo muku a wannan mako, gama abin da ya ɗauko ya wuce sha'awa kurum. Kuɗin sallamarsa na ciki, lafiyarsa na ciki, haka kuma ran duk wanda zai shiga jirgin.

Wanda muka bi aikinsa tsohon malamin makaranta ne, ɗan wani ƙauyen masunta da ke ƙasar Yawuri, kuma ba ya so a ambaci sunansa. Yana yaro ya koyi tuƙi da gora da filafili a kwalekwalen mahaifinsa, tun kogin Kwara yana kogi. A shekarar 1964 aka soma gina madatsar Kainji, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya shanye gonaki da tsibirai da tsohon garin Busa, har aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Iyalinsu na cikin waɗanda aka tayar. Ba da daɗewa ba aka tura shi makarantar kwana, daga nan sai aikin koyarwa, yau a wannan gari gobe a wancan, har shekara 35 suka cika. In ya shiga ruwa a duk tsawon wannan lokaci, to, a matsayin fasinja ne.

Abu na farko da ya tarar shi ne, ruwan da ya bari ba shi ne ya dawo ya samu ba. Kogin da ya sani yana da gaɓa biyu da ido ke gani, da duwatsu da kowane yaro ya san sunayensu. Tafkin yanzu tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma akwai wuraren da mutum zai tsaya a tsakiya da ƙyar ya hango tudu. Inda ruwa ya yi faɗi haka iska takan sami filin tayar da igiya, musamman a farkon damina lokacin da hadari kan taso ba sallama. Ga kuma itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye, waɗanda kututturansu ke nan har yau. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai bambancin wajen mita 10 a shekara, saboda haka hanyar da jirgi ya bi lafiya a watan Janairu tana iya zama tarko a watan Yuni. Sau biyu ruwa ke shigowa: na damina mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, da kuma wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso da sanyin hunturu. Malaminmu ya san wannan a littafi, har ya koyar da shi a aji, amma sai da ya koma ɗalibin samarin da ya haifi kamarsu kafin ya san inda kowane kututture yake.

Uwargidansa da 'ya'yansa ba su so wannan sha'ani ba. A ganinsu kuɗin garatuti gara a sa shi a shago, ko a ƙarasa ɗakunan haya. Mu ma, mai karatu, ba mu ga laifinsu ba. Jirgi ba ya zama wuri ɗaya ya jira mai shi kamar gini, kullum ci yake yi, ko yana aiki ko yana kwance. Abin da suka daidaita a kai shi ne, a ware wani kaso na kuɗin, in ya ƙare aikin bai ƙare ba, to, a haƙura.

Jirgin da ya saya na katako ne irin na fito, wanda ya yi shekaru a kife. Kafintan jirgin da ya ɗauko bai taɓa zarto ba a ranar farko. Wuƙa ya zaro ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana soka tsininta. Inda itace ke da rai, wuƙar sai ta tsaya. Inda ya ruɓe, sai ta nutse kamar a cikin dafaffen rogo, ko da kuwa fentin da ke sama na ƙyalli. Ruɓa ta fi kama wuraren da ruwan sama ke kwanciya ba iska: gindin haƙarƙarin jirgi, da kusurwoyi, da kewayen ƙusoshin da suka yi tsatsa har itacen ya yi baƙi. Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne katakon baya, inda ake ɗaure inji, domin shi ke ɗaukar nauyin injin da girgizarsa da duk ƙarfin turin da yake yi. An sha jin labarin injin da ya ɓalle da katakonsa ya nutse a tsakiyar ruwa. Na wannan jirgi cire shi aka yi ɗungum aka sa sabo mai kauri.

Samun itacen kirki shi ya fi cin lokaci. Maɗaci da ƙawo da loko su ne aka sani da jure ruwa, amma manyansu sun yi wuya, kuma masu sayar da katako sun iya miƙa wa baƙo ɗanyen itace mai laushi da sunan maɗaci. A nan bari mu ɗan ratse. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a inda yanzu take Jihar Yobe, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Da masana suka tono shi a 1994, sai aka ga tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000, wanda ya sa shi cikin jirage mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Daga itacen dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Ashe kafintocinmu da ke nacewa a kan maɗaci ba jiya suka fara ba.

Bayan an canza ruɓaɓɓun katakai aka buga ƙusoshin da ba sa saurin tsatsa, sai aikin toshe tsaga. Ana murɗa auduga ko tsumma a cusa tsakanin katako da katako, a bi da narkakkiyar kwalta. Wannan aiki yana da wata dabara da mai gaggawa ba ya ganewa. Jirgin da ya daɗe a tudu katakonsa ya bushe ya tsuke, saboda haka tsagar da ake gani ta fi ainihin girmanta. In aka cusa auduga da ƙarfi har ba sauran wuri, ranar da itacen ya sha ruwa ya kumbura zai tura maƙwabcinsa, ya ɗaga ƙusa, ko ya tsage. Shi ya sa ake toshewa daidai wa daida, a tura jirgin bakin gaɓa a bar shi ya sha ruwa kwanaki, kana a kwashe ruwan a ga inda ya rage yana yoyo. Abin da muke roƙon masu gyara su guje masa shi ne lulluɓe ruɓaɓɓen wuri da gwangwani da kwalta, a shafe da fenti. Ruɓar tana nan a ƙarƙashi tana ci, sai ranar kasuwa da aka yi lodi za ta bayyana.

Ba tsoratarwa muke yi ba. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya rabe a cikin wannan ruwa da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto kuwa ba su wuce wajen 20 ba. Jami'ai sun ce jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi ta Jihar Kwara, mutane fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki da dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar ceto. Sai dai a mashigai da dama dokar ba ta wuce allon da aka rubuta ta a kai ba.

Sai batun inji. Wani Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Nowe mai suna Ole Evinrude ne ya shahara da ƙera injin da ake ratayawa a bayan jirgi, tun 1909, amma a ruwayenmu sunan Yamaha ne ya zauna a bakin mutane, kamfanin Japan da ya fitar da nasa na farko a 1960. Wanda malaminmu ya samu tsoho ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Bakaniken ya soma da cire fulogi ya ɗiga mai a ramin, ya juya a hankali don ya tabbata fistin bai kafe ba. Kafireta kuwa tsohon fetur ya daskare a cikinta kamar ƙaro, sai da aka warware ta aka wanke kowace ƙofa. Da aka kwance man giya sai ya fito fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga. Dalilin yana bayan farfela: zaren koma ne ya naɗe a wurin ya yanka robar da ke tsare man.

Akwai wata 'yar roba mai fukafukai a ƙafar injin, ita ke zuƙo ruwa ta sanyaya shi. In inji ya daɗe a ajiye takan bushe ta tsattsage, kuma tayar da inji a tudu ba ruwa yana ƙona ta cikin ɗan lokaci kaɗan. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma rashinta na iya kashe injin gaba ɗaya. Don haka matuƙi yakan waiwaya ya duba siririn ruwan da inji ke tsartarwa ta baya, in ya ɗauke a kashe nan take. Awon haɗi ga yawancin irin waɗannan injuna kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato rabin lita ga jarka mai lita 25, kuma man da aka yi don injin ruwa ake so, ba ragowar na mota ba.

Wasu sun ba shi shawara ya nemi mai doki 40 domin ya yi gogayya da samari a fito. Ya ƙi, kuma muna ganin ya yi daidai. Mai doki 40 in an sake masa wuta yana shan kusan lita 20 a sa'a guda. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, amma kafin 2024 ta ƙare sai da ta haura naira 1,000. Ban da wannan, fizgar igiyar babban inji aikin kafaɗar saurayi ne.

Wannan ya kawo mu ga gyaran da ba kafinta ba bakanike, wato jikin matuƙin kansa. Hannu bai manta tuƙi ba, wannan gaskiya ne, cikin mako guda ya dawo masa. Amma mutumin da ya doshi shekara 70 ba ya iyo irin na ɗan 15, ƙafarsa ba ta kama jirgi in igiya ta buga, idonsa kuma ƙyallin rana a kan ruwa yana ɓoye masa kan kututture. 'Yarsa ce ta matsa sai da ya je asibiti aka auna jininsa aka duba idon, aka kuwa sami yana ta soma a ɗaya, aka cire ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya sayi rigunan ceto daidai da yawan kujerun da ya sa aka kafa, ya yi zane da jan fenti a gefen jirgin, in ruwa ya taɓa zanen ba ya ƙara ko buhu ɗaya. Igiyar da ke kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa kullum tana ɗaure a wuyan hannunsa, abin da samarin kwata ke yi wa dariya.

Aikin ya ci kusan rani biyu, kuɗin da aka ware kuma ya ƙare kafin a kai ga fenti, sai babban ɗansa ne ya cika. Yanzu da sassafe yake fita, tare da wani jikansa da ke zama a gaba da gora yana duba hanya, su kai mata masu ƙyafaffen kifi tsallake, wani lokaci da mara lafiya da za a kai asibiti, su dawo kafin iskar yamma ta taso. Abin da yake samu yana biyan fetur da kwalta, ɗan abin da ya saura na cefane ne. Da watan Afrilu ya kama, hadari ya soma haɗuwa a gabas, yakan rage fita zuwa ranakun kasuwa kaɗai, ya yi amfani da sauran kwanakin ya jawo jirgin tudu, ya sake bin katakon da tsinin wuƙa.