Ba kowane kaushi ne na hunturu ba

A Tsibirin Gobir da Jiratawa na yankin Maraɗi kowa ya san lokacin kaushi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga hamada, leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya, ƙwauri ya yi fari fat. Shi ya sa ɗan Maraɗi da ke ƙasar waje, da ya ga fatarsa na saɓa, sai ya ce "ai sanyi ne", ya aika gida a sako masa man kaɗanya.

Wani lokaci ya canka daidai. Saman fata yakan sabunta kansa kusan duk mako 4 ba tare da an lura ba, sai maiƙon da ke tsare danshinta ya ƙare sannan saɓar ta fito fili. A Faris, ko Greensboro ta Amurka inda 'yan Nijar ke da yawa, na'urar ɗumama ɗaki ce ke busar da iska, wanka da ruwa mai zafi ƙwarai kuma ya kwashe sauran maiƙon. A nan shafa mai da zarar an fito wanka yana wadatarwa.

Amma magina a Sabha da Tamanrasset matsalarsu daban. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, kuma sinadarin kuromiyam da ke cikinsa na haddasa ƙaiƙayi da tsagewar hannu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita yawansa tun 2005. Masu wanke-wanke a gidajen abinci su ma sabulu ke ɗaye musu tafin hannu. Safar hannu suke bukata kafin mai.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa, wato man bilicin. Tarayyar Turai ta hana sa hydroquinone cikin man shafawa tun 2001, duk da haka ana sayar da shi a ɓoye, wani ma haɗe da magani mai sa fata ta yi siriri har ta riƙa kwailewa.

Saɓa mai ƙaiƙayi tsakanin yatsun ƙafa yawanci ƙwayar cuta ce da ke son gumin takalmin aiki, mai ba ya kashe ta. Idan kuwa fata ta soma sulluɓewa tare da zazzaɓi da gyambon baki bayan fara shan sabon magani, a bar jiran saƙo daga gida, a nufi asibiti a ranar.