Yadda Turawan Sifaniya suka ci daular Aztek

Duk mai sauke kwandon tumatir a kasuwar Mile 12, ya sani ko bai sani ba, kalmar mutanen Aztek yake furtawa, domin "tomatl" suke ce masa a harshensu. Masara ma daga ƙasarsu ta fito, wato Meziko ta yau. Shi ya sa na ga ya kamata mu san yadda aka yi da su.

A shekarar 1519 Hernan Cortes ya sauka gaɓar Meziko da mayaƙa wajen 500 da dawakai 16. Babban birnin Aztek, Tenochtitlan, a tsakiyar tafki aka gina shi, kuma masana na ƙiyasin mutanensa sun kai 200,000. To ta yaya 'yan tsiraru za su ci irin wannan birni?

An fi ambaton bindiga da doki, tunda mutanen can ba su taɓa ganin doki ba. Ni dai a ganina wannan ƙaramin dalili ne. Sarki Moctezuma yana karɓar haraji mai nauyi daga garuruwan da ya ci da yaƙi, ana kuma yanka fursunoni a wuraren bauta. Cortes ya tarar da jama'a cike da haushi. Mutanen Tlaxcala, tsoffin abokan gabar Aztek, sun fara gwabzawa da shi, daga baya suka ba shi dubban mayaƙa. Wata baiwa mai suna Malinche ce tafintarsa. Ba don ita ba, da bai san wa ke jin haushin wa ba.

Duk da haka ba a ɓagas ya samu ba. Ya shiga birnin a matsayin baƙo, ya tsare sarkin a gidan da aka sauke shi. A ƙarshen Yunin 1520 Moctezuma ya mutu, mutanen gari suka fatattaki Turawan cikin dare, da yawansu suka nutse da zinariyar da suka wawura.

Sai agana ta ɓarke. Cutar baƙuwa ce gare su, jikinsu bai san ta ba, ta kashe jama'a ba iyaka, har da sabon sarki Cuitlahuac. Cortes ya dawo da jiragen ruwa 13, ya yanke wa birnin ruwan sha da abinci. Ranar 13 ga Agusta 1521 aka kama sarki na ƙarshe, Cuauhtemoc.

Bayan nan aka rarraba wa Turawan ƙauyuka da mutanen cikinsu, su yi musu aiki su biya haraji, wai ladan koya musu addinin Kirista. Mutanen Tlaxcala sun samu sassauci, amma yawancin garuruwan da suka taya Cortes ubangida kawai suka sauya. Cuauhtemoc kuwa an ƙona masa ƙafafu don ya faɗi inda zinariya take, sannan aka rataye shi a 1525.