Kwaɗon Kokwamba Irin na 'Yan Sin a Gidajen Hausawan Makka

Mu Hausawan Makka, daga Sharar Mansur har Hindawiyya, mun saba da shinkafar kabsa da siriyya, wato tsiren da kakanninmu suka kawo Hijaz. To amma maiƙo ya yi wa cimarmu yawa, ga zafin gari da kan haura digiri 40. A nan kwaɗon kokwamba irin na 'yan Sin zai yi mana rana.

A bubbuge kokwamba da faɗin wuƙa har ta dare, don haɗin ya ratsa ta. A barbaɗa gishiri, a jira minti 15, a tsiyaye ruwan. Sai a zuba dakakkiyar tafarnuwa da ruwan khal da man riɗi da barkono. In babu man barkono, yajinmu ya wadatar.

Matasa, mu shiga madafa mu taya iyayenmu mata.