Yadda aka sake tada babban kayan kiɗan cocin Notre-Dame na birnin Paris

Lokacin da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame ranar 15 ga Afrilun 2019, mutane da dama sun ɗauka babban kayan kiɗan cocin, wanda Faransawa ke kira orgue, ya tafi ke nan. Wutar ba ta kai gare shi ba, amma ƙurar darmar rufin da ta narke ta lulluɓe shi ciki da waje.

Orgue tamkar sarewa ce dubu-dubu a wuri ɗaya. Na Notre-Dame yana da bututu kusan 8.000, wasu kamar alƙalami, wasu tsawonsu ya kusa mita 10. Idan makaɗi ya danna madanni, sai ƙofar wani bututu ta buɗe, iska ta shiga, sauti ya fito.

A da, ƙarti ne ke tura iskar da manyan zugazugai irin na maƙera. Haka yake lokacin da Aristide Cavaillé-Coll ya kammala sake gina shi a 1868. A 1924 aka sa fanka mai aiki da lantarki ta karɓi aikin ƙartin. Daga 1959 kuma aka soma maye gurbin sandunan da ke haɗa madannai da bututu da wayoyin lantarki, sannan kwamfuta ta shigo a 1992.

Wannan canji bai yi wa kowa daɗi ba. Masu kishin tsohon aiki na ganin waya ta raba yatsan makaɗi da bututu, don ba ya jin nauyin buɗewar ƙofar a hannunsa. Masu goyon baya kuwa na cewa lantarki ya sa mutum ɗaya na sarrafa dukan muryoyin ba da wahala ba. Ko ta yaya dai, sautin daga iska yake fitowa, ba daga lasifika ba.

Bayan gobarar, an kwance shi a 2020, aka wanke bututun ɗaya bayan ɗaya, aka canja fatun tumakin da ke hana iska zurarewa. Daidaita sautin ya ɗauki watanni, kuma da dare ake yin sa, bayan hayaniyar magina ta lafa. Ranar 7 ga Disamban 2024, a bikin sake buɗe cocin, aka sake jin muryarsa.