Yadda Masu Gadi Ke Gano Mutum a Wasannin Sanɗa, da Yadda Ake Kuɓuce Musu

A cikin wasannin gem akwai rukunin da ba a cin nasararsa da yawan harsashi. Su ne wasannin sanɗa, waɗanda a Turance ake kira stealth, irin su Metal Gear Solid, Splinter Cell, Hitman, Thief da Dishonored. Aikin mai wasa a cikinsu shi ne ya shiga wuri mai tsaro, ya yi abin da ya kai shi, ya fita ba tare da an san ya zo ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka saba da gem ɗin ƙwallo ko na harbe-harbe sukan ajiye irin wannan wasa bayan kwana biyu, saboda kullum kama su ake yi kuma ba su san dalili ba. Wani lokaci a hango su daga nesa alhali suna ganin sun ɓuya, wani lokaci kuma su wuce dab da mai gadi bai ce uffan ba.

Sirrin shi ne mai gadin da ke cikin gem ba shi da ido, ba shi da kunne. Wasu 'yan lissafe-lissafe ne manhajar ke maimaitawa sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma sakamakonsu ne ke yanke hukuncin an ga mutum ko ba a gan shi ba. Wanda ya fahimci lissafin ya daina dogaro da sa'a.

Daga ina abin ya faro?

Tun a 1981 wasan Castle Wolfenstein na kwamfutar Apple II ya bai wa mai wasa damar sanya kakin sojan abokan gaba ya wuce ta gabansu. Amma wasan da ya kafa rukunin sosai shi ne Metal Gear, wanda Hideo Kojima ya tsara wa kamfanin Konami na Japan a 1987. Kwamfutar MSX2 da aka yi wasan dominta ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a allo lokaci guda, don haka Kojima ya juya wasan ya koma na guje wa faɗa. Masu gadin wancan wasa a miƙaƙƙen layi kawai suke gani, wanda ya kauce gefe kaɗan ya tsira. A Metal Gear 2 na 1990 aka faɗaɗa ganinsu zuwa digiri 45, aka kuma ba su ji. A 1998 wasanni uku suka fito a shekara ɗaya, Tenchu, Metal Gear Solid da Thief: The Dark Project, kuma ƙa'idojin da suka shimfiɗa ne ake bi har yau.

Ido: tambayoyi uku

Ganin mai gadi siffar mazurari gare shi, kamar hasken tocila: siriri a wurin fuskarsa, yana buɗewa yayin da yake nisa. Kafin manhaja ta ce an ga mai wasa, sai ta amsa tambayoyi uku. Yana kusa yadda gani zai kai gare shi? Yana cikin faɗin mazurarin? Tsakaninsu a buɗe yake, ba abin da ya tare? Don amsa ta ukun, manhajar kan ja wani zare da ba a gani daga idon mai gadi zuwa jikin mai wasa. Idan zaren ya ci karo da bango, mota ko akwati kafin ya isa, to ba a gan shi ba. Amsa ɗaya ta zama a'a, mutum ya tsira.

Ɗan Adam yana gani sama da digiri 180 daga hagu zuwa dama, amma yawancin masu gadin gem an ƙuntata musu ƙasa da haka da gangan, domin wasan ya yiwu. Shi ya sa gefen mai gadi da bayansa suka fi aminci fiye da yadda sabon ɗan wasa yake zato. A Metal Gear Solid na 1998 na'urar rada da ke kusurwar allo tana zana mazurarin kowane soja ƙarara. A The Last of Us na 2013 kuwa, mazurarin yana da faɗi a kusa, yana tsukewa a nesa, don haka wucewa ta gefen maƙiyi daga nesa ya fi sauƙi a kan wucewa dab da kafaɗarsa.

Mazurarin yana da iyaka ta sama ma. A Dishonored na 2012 masu gadi ba su cika ɗaga kai ba, shi ya sa gwanayen wasan suke bin rufin gidaje, bututu da saman fitilun titi maimakon ƙasa.

Sannan a wasannin zamani gani ba ya faruwa nan take. Akwai ma'aunin zargi da ke cika a hankali, galibi ana nuna shi da wata alama a allo ko a saman kan mai gadi. Yana cika da sauri idan mutum yana kusa, yana tsaye, yana gudu ko yana cikin haske. Yana tafiyar hawainiya idan mutum yana nesa, a durƙushe, ko a gefen mazurari. Ma'anar wannan ita ce ana iya ratsa fili a gaban mai gadi, muddin za a kai maɓoya ta gaba kafin ma'aunin ya cika. Kuskuren da aka fi yi shi ne daskarewa a wuri ɗaya da zarar alamar ta bayyana. Tsayawa a fili ba ya yanke zaren, shiga bayan wani abu ne ke yanke shi.

Haske da sutura

Kowane wasa yana da abin da yake ƙarawa a kan wannan lissafi, kuma aikin farko shi ne gano ko mene ne. A Thief duhu ne garkuwa. Akwai wani ɗan dutse a ƙasan allo da ke haske gwargwadon hasken da ke kan ɓarawon, Garrett, kuma yana ɗauke da kibau na ruwa don kashe wutar jiniya da ke jikin bango. A Splinter Cell na 2002 ma haka ne, Sam Fisher yakan harbe ƙwan fitila ya ƙirƙiri duhun kansa. A Metal Gear Solid 3 na 2004 kuwa, kala ce ke aiki: wasan yana nuna kaso cikin ɗari na yadda kakin Snake ya saje da ciyawa, laka ko dutsen da yake kai.

A Hitman lissafin daban ne. Ana iya tsayawa a tsakiyar jama'a da rana tsaka, abin da ake dubawa shi ne ko tufafin da ke jikin mutum sun ba shi izinin zama a wurin, da kuma ko abin da yake yi ya dace da su. Mai kayan kuku ba ya jan hankali a kicin, amma idan ya nufi ɗakin tsaro za a tare shi. Daga Hitman na 2016, waɗanda za su iya gane cewa baƙo ne suna da farin ɗigo a saman kansu, su kaɗai ne abin kaucewa. Wanda ya ɗauki dabarar duhu ta Thief ya kai ta Hitman, ɓata lokacinsa yake yi.

Kunne: da'irar ƙara

Duk ƙarar da mai wasa ya yi, manhaja tana ɗaukarta a matsayin da'ira mai wani faɗi. Mai gadin da ke cikin da'irar ya ji, wanda ke wajenta bai ji ba. Gudu yana yin babbar da'ira, tafiya ƙarama, jan ciki kusan babu. Mark of the Ninja na 2012 ya zana da'irorin nan a allo, don haka yana cikin wasannin da suka fi dacewa da mai koyo. A Thief irin daɓen ma yana da tasiri: ƙarfe da tayil suna tona asiri, kafet yana rufawa. Splinter Cell: Chaos Theory na 2005 ya ƙara ma'aunin hayaniyar wuri, ta yadda ƙarar inji takan haɗiye takun mutum.

Muhimmin abu shi ne mai gadi yana zuwa inda ƙarar ta fito, ba inda mai wasa yake ba. Nan ne ƙara ta zama makami. Ƙwanƙwasa bango a Metal Gear Solid, jefa kwabo a Hitman, wurga kwalba ko bulo a The Last of Us, duk manufarsu ɗaya: a ɗauke mutum daga bakin ƙofar da yake tsaro, ko a raba shi da abokin aikinsa.

Ƙwaƙwalwa: me yake tunawa?

Mai gadi yana cikin ɗaya daga cikin 'yan halaye ƙalilan a kowane lokaci. Ko dai yana sintiri hankali kwance, ko ya yi zargi ya tafi dubawa, ko ya tabbatar ya fara farauta, ko kuma mutumin ya ɓace masa yana bincike. Kowane hali yana da abin da ke shigar da shi da abin da ke fitar da shi, yawanci agogon da ke ƙirgawa a ɓoye.

Lokacin da zaren gani ya yanke, abin da manhaja ke ajiye wa mai gadi shi ne wurin ƙarshe da ya ga mutum. Can zai nufa, can zai yi harbi, daga can zai fara bincike. Splinter Cell: Conviction na 2010 har zana inuwar Fisher yake yi a wannan wuri don mai wasa ya gani. Saboda haka wanda aka gano, ya shige bayan akwati ya zauna, ya miƙa kansa ne. Abin yi shi ne a yanke gani, a sauya hanya, a yi nisa da wurin, sannan a jira agogon ya ƙare.

Gawa ko sumammen mai gadi da aka bari a hanya, shi ma yana tayar da wannan hali ga duk wanda ya gani, kuma a wasanni da yawa tsaro ba ya komawa yadda yake a da. Sau da yawa barin mai gadi yana sintirinsa ya fi kawar da shi sauƙi, domin hanyarsa sananniya ce, tana maimaita kanta.

Inda ƙa'idojin ke sauyawa

Masu ƙirƙira sun san 'yan wasa suna haddace waɗannan dabaru, don haka wasu sun toshe ƙofofin. A Metal Gear Solid V na 2015, wanda ya cika harbin kai zai tarar sojoji sun fara sanya hular kwano, wanda ya cika kai farmaki da dare zai tarar sun samo tabarau na gani a duhu. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. A Alien: Isolation na 2014 manhajoji biyu ne ke aiki tare: ɗaya ta san inda mai wasa yake a koyaushe, tana tura dodon zuwa yankin ba tare da ta faɗa masa takamaiman wuri ba, shi kuma ya nema da kansa. Zama a maɓoya ɗaya ba ya fisshe mutum a nan. A The Last of Us Part II na 2020 an kawo karnuka masu bin ƙanshi, waɗanda ba ruwansu da zaren gani.

Haka kuma duk wannan bayani bai shafi wasannin intanet irin su PUBG Mobile ba, inda abokin gaba mutum ne. Shi ba shi da ma'aunin zargi, ba ya mantuwa bayan daƙiƙa kaɗan. Hasali ma wasan ba ya zana ciyawa daga nesa sosai, don haka wanda ya kwanta a cikinta yana ganin ya ɓuya, mai hangensa daga nesa a fili yake ganinsa.

Ga mai son gwadawa, ba sai da babbar kwamfuta ba. Metal Gear Solid: Peace Walker na 2010, wanda aka yi wa PSP, yana tafiya a wayoyin Android da yawa ta manhajar PPSSPP. Hanya mafi sauri ta koyo ita ce a sadaukar da minti goma na farko ga gwaji: a adana wasa, a matsa kusa da mai gadi ɗaya har ya gani, a lura da tazarar, a yi gudu a bayansa a ga inda jinsa ya tsaya, a ƙirga tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya koma sintiri. Waɗannan amsoshi uku galibi su ne za su yi aiki a kan sauran masu gadi irinsa har ƙarshen wasan.